Zumurrudun Kwalba

Da sha'awar tara duwatsu masu daraja ta kama ni, kuɗin ɗinkin Sallata na kwasa na sayo wani koren dutse a Jos, wai zumurrudun Nasarawa Eggon ne. Na kai wa wani dattijo masanin harkar. Ya ɗaga shi a rana, sai ga 'yan kumfa a ciki. Ya goga masa farin dutsen ƙanƙara, nan take ya karce.

Ya ce, "Yaro, ai kwalba ce. Ƙanƙara ba ta cin zumurrudun gaske."

Wallahi sai da gumi ya keto mini! Tun daga ranar masu araha nake tarawa, ina koyon halinsu sannu a hankali. Kwalbar kuwa tana nan cikin gwangwanina, ita ce malamata ta farko.