Sulken Kwali

Duk wanda ya taɓa cin fara ya san ba a tarar da ƙashi a cikinta. Mutum da doki da akuya, ƙasusuwansu a ciki suke, nama ya rufe su. Amma fara da kunama da buzuzu da ƙaguwa, su Allah ya juya musu abin, ya sa ƙashinsu a waje, naman kuwa a ciki. Wannan ɓawo mai tauri shi ne ƙashinsu, shi ne kuma rigarsu ta yaƙi. Tun zamanin da mutane ke ta ƙoƙarin yi wa kansu irin wannan riga.

Mutanen Gobir ba baƙi ba ne ga wannan sana'a. A zamanin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, sa'ad da Alkalawa ke babban birni, mayaƙan doki suna da kayan kariya iri uku. Akwai sulke, watau riga ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna. Akwai kwalkwali, hular da ke tsare kai. Sa'an nan akwai lifidi, wanda ake ɗinkawa da ƙyalle ninki biyu, a cusa auduga a tsakani, a sa wa doki, a sa wa mahayinsa. Kibiya ba ta huda lifidi da sauƙi. Amma yana da aibu biyu. Na fari nauyi, na biyu kuwa ba ya shiri da wuta. A shekarar 1826 wani Bature matafiyi mai suna Kilafaton ya ga 'yan lifida a yaƙin Konya, cikin ƙasar Gobir, ya rubuta cewa ɗan lifidi ba ya iya hawa dokinsa sai an taimake shi. Alkalawa ta faɗi a 1808, kufanta na nan a ƙasar Sabon Birni. Yaƙin dawaki ya wuce, amma har yanzu akan ga sulke da lifidi ranar hawan salla a manyan biranen ƙasar Hausa.

Turawa ma suna da nasu mafarkin. Cikin labarunsu na ƙirƙira, waɗanda ke zancen abin da kimiyya za ta kawo nan gaba, sukan kawo mutum sanye da sulke mai inji, wanda ke ƙara masa ƙarfi har ya ɗaga mota. Mafi shahara cikinsu shi ne Iron Man, watau Mutumin Ƙarfe. An fara zana labarinsa a Amurka a 1963, aka yi fim ɗinsa a 2008.

To, akwai wani yaro ɗan aji biyar a Sabon Birni wanda ya ga wannan fim a wayar yayansa. Tun daga ran nan ya ƙudura a ransa sai ya yi irin wannan sulke, ya fita tashe da shi cikin watan azumi. Yana da wani aboki wanda shan-inna ya nakasa wa ƙafafu tun yana ƙarami, amma hannuwansa akwai ƙarfi, ga shi da haƙuri wajen aiki. Su biyu suka yi shawara. Suka roƙi kwalaye wurin mai kanti, suka tsinci gwangwanayen madara da murafan kwalba, suka samo tsohuwar robar cikin tayar keke wurin mai faci, suka yanko karan dawa.

Kwana uku suna aiki. Suka naɗe kwali kamar bututu, ɗaya tun daga kafaɗa har wuyan hannu, ɗaya tun daga cinya har idon sawu. Da yaron ya sa, sai ya yi kyau ƙwarai, muddin yana tsaye wuri ɗaya. Da ya ɗaga ƙafa zai taka, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Ya yi tangaɗi, ya faɗi rigingine, ya kasa tashi. Yaran unguwa suka yi ta dariya. Ya kwaɓe kwalayen ya jefar, ya ce ya fasa. Abokin nasa dai bai ce kome ba, ya ja jiki ya tattara su ya ajiye.

Kakan yaron tsohon baduku ne, ya daɗe yana gyaran kayan doki. Yana zaune a zaure, duk abin da ya faru a kan idonsa. Ya kira jikan nasa ya ce, "Abokina, ashe kai ma ka zama ɗan lifidi, sai an tashe ka?"

Yaro ya ce, "Kaka, kwalin ne ba shi da kyau."

Tsoho ya ce, "Kwali ba shi da laifi. Je ka bayan gida ka kamo mini fara guda."

Da aka kawo fara, tsoho ya riƙe ta a hankali, ya miƙe ƙafarta ta baya, ya lanƙwasa, ya sake miƙewa. Ya ce, "Duba da kyau. Cinya da tauri, ƙwauri da tauri. Me ke tsakaninsu?" Yaran suka duba, suka ga gaɓa mai laushi. Ya juya ta, ya nuna musu cikinta, ga ɓawo zobe zobe, kowane ya ɗan hau kan na bayansa. Ya ce, "Kowa ya iya yin abu mai tauri, ko tukunya ma tauri gare ta. Gwaninta a gaɓa take. Masu saƙa sulke ba don wasa suka yi shi da ƙananan zobba ba, sai don mai shi ya iya ɗaga hannu ya sari abokin gaba."

Sai suka koma aiki, amma wannan karo da awo suka fara. Abokin ya ɗauki zare ya auna daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ya ƙulla. Ya auna daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ya ƙulla. Haka ya yi wa ƙafafu. Suka yanka kwali bisa awon, kowane hannu gida biyu, kowace ƙafa gida biyu, suka bar tazarar yatsa uku a wurin gaɓa. Tsoho ya ara musu basilla. Suka huda kwalin, suka haɗa gida da gida da robar taya, suka sa murfin kwalba a bakin kowace huda don kada robar ta yaga kwalin. Roba tana miƙewa in an lanƙwasa hannu, ta koma in an sake shi.

Wajen ciki suka kwaikwayi fara. Suka yanka kwali falle biyar, faɗin kowane kamar tafin hannu, suka ɗinka su a kan tsohuwar taguwa, kowane ya hau kan na ƙasa da shi. Da haka mai sulke zai iya sunkuyawa, ya kuma zauna. A gefen kowace ƙafa suka ɗaura karan dawa biyu, ɗaya a cinya ɗaya a ƙwauri, suka haɗa su da waya a daidai gwiwa, don su yi kama da sandunan inji. Da yaron ya ce kafaɗunsa sun gaji, sai tsoho ya ba shi tsohon ɗamara na fata, ya ce a rataya kayan ƙafa a nan, gama ƙugu ya fi kafaɗa jure kaya. Suka buɗe gwangwanaye, suka danne bakinsu da dutse don kada su yanki mutum, suka liƙa a ƙirji da kafaɗu. A tsakiyar ƙirji suka sa 'yar ƙaramar tocila.

Kwalkwali ne ya zo ƙarshe. Tsoho ya kafa musu sharaɗi biyu. Ya ce a buɗe wurin idanu da faɗi, a huda ƙofofin iska, domin wanda ba ya gani ba ya numfashi, sulkensa kurkuku ne. Ya kuma ce kada mai sulke ya kusanci murhu ko fitilar kananzir, gama da kibiya mai wuta ake karya 'yan lifida, kwali kuwa ɗan'uwan auduga ne wajen kama wuta.

Da azumi ya kwana goma aka fara tashe. A shekarun nan da hanyoyi ba su da aminci, yara ba su yin nisa da unguwa, ba su kuma daɗewa a waje. Duk da haka gida gida suka shiga. Yaron ya taka, ya durƙusa ya gai da masu gida, ya tashi da kansa ba wanda ya kama shi. Abokinsa na biye a kan kekensa na hannu, riƙe da basilla da roba, ko da wani wuri zai tsinke. Abin da aka ba su na gero da kuɗi suka raba daidai.

Bayan salla suka kai sulken makaranta. Malam ya duba gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya ba 'yan aji labari, ya ce ko manyan injiniyoyi sun sha irin wannan wahala. A 1965 kamfanin General Electric na Amurka ya fara ƙera sulken inji na gaske mai suna Hardiman, don mutum ya iya ɗaga kilo 680, watau kusan buhun gero bakwai. Amma shi kansa sulken nauyinsa ya kai haka, gaɓoɓinsa kuma suna fizga ba bisa ƙa'ida ba, har ba a yarda a kunna shi duka da mutum a ciki ba. A 1971 aka bar aikin.

Sai abokin yaron ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, irin wannan abu yana iya tsai da wanda ba ya iya tsayuwa?"

Aji ya yi tsit. Malam ya ce yana iyawa. Ya ce a watan Yuni na 2014, wajen buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a ƙasar Birazil, wani saurayi wanda ƙafafunsa suka shanye ya tsaya cikin sulken inji, ya taɓa ƙwallo da ƙafarsa. Ya ce irin waɗannan na'urori suna da tsada ƙwarai, ba kowa ke samu ba tukuna. Amma masu ƙera su da awo suke farawa, su bi da gaɓa, su rage nauyi, kamar dai yadda aka yi wannan na kwali.

Aka rataye sulken a bangon aji. Yanzu in an tashi daga makaranta, sau da yawa akan ga yaran nan biyu a rumfar mai walda, suna kallon yadda ake haɗa ƙarfe da ƙarfe har ya juya.

Tambayoyi

1. Ina bambancin ƙashin fara da na akuya?
2. Faɗi aibu biyu na lifidi.
3. Me ya sa sulken farko ya ka da yaron?
4. Don me aka bar aikin Hardiman?
5. Ku kamo fara, ku zana ƙafarta ta baya, ku nuna inda gaɓa take.