Karfasar da na so in mayar ruwa

Ranar uku ga Ƙaramar Sallah, bayan an gama zagayen gaishe-gaishe kuma cincin ya fara gundurar kowa, ɗan kawuna da ke noman tumatir a Hunkuyi ya ce gobe mu tafi Tiga mu shiga jirgi mu kama kifi. Dariya na fara yi. Mu mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan ruwan fadama muka sani: rijiyar lambu, injin ban-ruwa, da rafin da ke shayar da rake har ya ƙafe da bazara. Kifi kuwa a kasuwa muke haɗuwa da shi, ko banda ko na ƙanƙara. Na haura shekara talatin ban taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba, amma sha'awar abin ta daɗe a raina. Na sha kallon bidiyon Turawa a tafkunan Sukotlan, mutum ya yini a jirgi da fatsa, in ya kama kifi ya ɗaga shi a ɗauki hoto, ya zare ƙugiya, ya sake shi ya koma ruwa. Irin wannan yinin na ƙudurta zan yi.

Da asuba muka bar Ikara, muka ɓulla Kwanar Ɗangora, daga nan muka karkata zuwa Tiga. Wanda bai taɓa ganin wurin ba zai yi mamakin a ce akwai ruwa mai wannan girma kusa da gida haka. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma idan ta cika tana mamaye kusan murabba'in kilomita 178. Noman rani na Kadawa da Kura da ruwan shan birnin Kano aka yi ta dominsu. Kifi ya zo ne a matsayin gyara, kamar yadda mai awo ke ƙara maka a kan mudu, sai ga shi a kan wannan gyaran gidaje masu yawa suka dogara.

Mai jirgin da muka samu dattijo ne, busasshe, mai ƙarancin magana. Muka yi ciniki zai fita da mu ɗaga kallin da ya shimfiɗa jiya da yamma, sannan ya bar mu mu gwada fatsa. Na tambayi rigar kariya, ya dube ni ya ce, "Malam, zauna a tsakiya kawai, kada ka miƙe." Na zauna, zuciyata na tuno mini da jirgin da ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya da dama. Da muka yi nisa da gaɓa, filafili na shiga ruwa yana fita ba hayaniya, tsoron ya lafa. Bazara ce, ruwa ya ja baya, kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye tun ana gini sun leƙo, tsuntsaye na zaune a kansu. A hanya ya gaya mana cewa mahaifinsa daga wajen Haɗeja ya zo. Can ambaliyar damina ce ke cika fadamu, kifi ya bazu ya hayayyafa. Da aka datse ruwan a sama ambaliyar ta ragu, sai masunta da yawa suka biyo ruwan zuwa inda aka tsare shi.

Fatsarmu ba ta da labari. Awa biyu muna saƙala tana, ɗan kawuna ya samu tarwaɗa guda, ni kuwa tsumma na jawo. Abin da ya tsaya mini a rai a kalli ya faru.

Kalli raga ce doguwa da ake shimfiɗawa tsaye cikin ruwa kamar shinge, a kwana, kifi ya zo wucewa kansa ya shige ido ya kasa komawa. Girman idon shi ke zaɓar kifin da zai mutu. Masunta da yatsu suke auna shi: yatsa biyu, yatsa uku, yatsa huɗu. Na Baba yatsu biyu ne ke shiga da ƙyar. Yana ja yana ciro kifi yana jefawa a ƙasan jirgi: kurungu, ƙawara, sai karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, kusan duk ba su kai tafin hannuna ba. Can ya ciro wata, ta buɗe baki, na ga wasu ƙananan ƙwayoyi rawaya kamar gero sun zubo a kan yatsunsa.

Na ce, "Baba, me ta ci haka?"

Ya ce, "Ba ci ta yi ba. Goyo ne."

Daga baya na bi diddigin abin na karanta, kuma duk abin da ya faɗa mini a jirgi haka yake. Namijin karfasa yakan share ɗan gurbi a ƙasan ruwa mara zurfi, macen ta zuba ƙwai a ciki, bayan ya barbare su ta kwashe cikin bakinta, ɗaruruwa a lokaci guda. A nan suke ƙyanƙyashewa, kuma takan riƙe su mako guda zuwa biyu, ko bayan ta sake su in sun ga haɗari bakinta suke komawa. A duk tsawon kwanakin nan kusan ba ta cin komai. Shi ya sa mai fatsa ba safai yake kama mai goyo ba, tunda ba ta kula tana. Raga ce ke ɗaukarta, domin raga ba ta tambayar ko kifi na jin yunwa. Akwai kuma wani abin da masana kifi suka daɗe da lura da shi: inda su ya yi yawa aka kwashe manya, karfasa takan fara haihuwa tun tana ƙarama. Wadda ke hannun Baba ba ta kai rabin girman da jinsinta ke iya kaiwa ba, ga ta da goyo.

Na ce ya mayar da ita ruwa. Ina jin muryar da na yi maganar da ita, irin ta wanda ya yi karatu ya zo ƙauye da gyara. Bai yi fushi ba. Ya riƙe ta ya ce, "Malam, kai hutu ka zo. In na saki duk mai goyo yau, da me zan fita gaban mai kalli?"

Sai a lokacin na gane ragar ba tasa ba ce tukuna. Wani mai sayen kifi a bakin ruwa ne ya saya masa ita bashi, da sharaɗin duk abin da ya kama shi zai sayar wa, a farashin da mai bashin ya yanka, ana cire kuɗin raga kaɗan-kaɗan. Ragar roba ba ta daɗewa. Kututture ya yage ta, ko a sace ta da dare, kafin a gama biyan wannan an ci bashin wata. Raga mai faɗin ido za ta kawo manyan kifi masu tsada, amma sai a yi kwanaki ba ta kawo komai ba, kuma tukunyar gida ba ta jiran kwanaki. Mai ƙaramin ido kullum tana kawo wani abu. Ya san sarai abin da hakan ke yi wa ruwan. Shi da kansa ya ce yana yaro karfasa guda kan ishi mutum biyu. Ya ƙara da cewa in shi ya canza raga, wanda ke shimfiɗa tasa kusa da shi ba zai canza ba, kifin da ya bari yau gobe a jirgin wani zai kwana.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, in ban da wasu keɓaɓɓun raguna na ƙananan jinsuna, kuma ta haramta su da guba da nakiya da lantarki. Dokar ta yi daidai, kuma ban ga yadda za a musa hujjarta ba. Inda ta gaza shi ne ba ta ce komai a kan watannin da ke tsakanin ranar da masunci zai ajiye ƙaramar raga da ranar da manyan kifi za su dawo ba. A tafkin Kainji, a ƙarshen shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya yi ƙoƙarin hana jan tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi a gaɓa, kuma sai da aka sa sarakuna da shugabannin masunta a ciki kafin maganar ta samu shiga. Dalilin a fili yake. Jami'i ba zai kwana a kan ruwa yana auna ido ba. Masuntan wuri ne kaɗai suka san wanda ya shimfiɗa me, kuma ba za su yarda su daina ba sai in tare za a daina.

Baturen da nake kallo a waya yana sakin kifi ne domin albashinsa na jiransa a banki, kifin kuma ba ya cikin lissafin abincin darensa. Ni ma da irin wannan aljihun na shiga jirgin Baba. Duk da haka ban iya cewa sha'awata shirme ce ba, domin ruwan na bukatar a riƙa sakin irin wannan karfasar ko da wane ne zai sake ta. Abin da na kasa amsawa a zaune a tsakiyar jirgin shi ne wa zai biya. Mu da ke sayen ƙananan kifi soyayyu a tasha muna neman a ƙara mana ɗaya, ba mu taɓa sa kanmu cikin masu bashin ba.

Na ce to zan saye ta. Ya yi murmushi, ya faɗi kuɗin da bai kai na katin waya ba, ya miƙo mini. Na tsoma ta a ruwa kamar yadda na ga ana yi a bidiyo, ta ɗan tsaya a tafin hannuna, sannan ta fizge ta nutse. Ɗan kawuna ya ɗauki hoto. Ƙwan kuwa tuni ta amayar da mafi yawansu a ƙasan jirgi, suna yawo cikin ruwan da ya taru tsakanin ƙafafunmu. Baba ya ɗauki gwangwanin da yake kwarfe ruwa da shi ya watsar da su waje. Na tambaye shi ko za su rayu. Ya ce ba uwa, ƙawara za ta cinye su kafin mu kai gaɓa.

A bakin ruwa mai kalli na zaune ƙarƙashin rumfa da ɗan littafinsa. Aka juye kifin a daro, ya duba, ya faɗi kuɗi, ya rubuta, Baba bai ce uffan ba. Daga hannun mai littafin muka sayi namu, tunda ba a sayar wa baƙo kai tsaye, kuma kuɗin da muka biya ya kusa ninka abin da na ji an faɗa wa Baba. Wata mata ta soya mana rabi muka ci da yaji a tsaye, yana da daɗi ƙwarai, sauran muka ƙunshe a leda da ƙanƙara.

Mun iso Ikara bayan Magariba. Mahaifiyata ta buɗe ledar a tsakar gida, ta haska da fitilar waya, ta juya kifin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Duk tafiyar nan 'ya'yan kifi kuka je kuka kwaso?" Ta kira ƙanwata ta kawo wuƙa da toka.