Shekara 16 ban kira sunan ɗana ba

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Tun da sakamakon JAMB ya fito nake ganin iyaye suna ta zuba a nan, wasu har da saka makin 'ya'yansu ana dariya. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ya faru a gidana. Na nemi izinin yaron kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma kada in saka hotonsa.

Ɗana na fari ne, kuma sunan mahaifina yake ɗauke da shi, kun ga kunya biyu ke nan. Haka muka taso muka tarar, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane. "Kai" nake ce masa, ko in ce wa uwarsa "ina yaron nan?" Kuɗin makaranta ban taɓa fashi ba, kayan Sallah ma haka. A ganina na gama haƙƙin uba.

Yana aji biyu na babbar sakandare ya fara canzawa. Ya daina fita ƙwallo, abinci sai ya tsakura ya ture, dare ba barci, da safe kuma a yi ta fama ya tashi. Sakamakonsa ya zube. Abin da ya fara zuwa raina shaye-shaye ne, don tun rahoton BBC na 2018 kan kodin, wanda bayansa gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, kowane uba a Kano zuciyarsa a tsaye take. Na birkice ɗakinsa ban ga komai ba. Duk da haka na dake shi, wallahi har yau in na tuna sai in ji kunya. Bai yi kuka ba, kallona kawai ya yi.

Hajiyarmu ta ce sammu ne, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Wani abokina ya ce akwai gidan mari da ya sani, wata uku zai dawo daidai. Har na fara tambayar kuɗin, sai na tuna 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, daga baya aka sake ganin irinsa a Daura. Iyaye ne fa suka kai da yawansu da hannunsu, suna ganin gyara suke nema.

Ƙanin matata, wanda nas ne, shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Yaya, a ci gaba da addu'a, amma a kai shi asibiti." Na ce ɗana ba mahaukaci ba ne. Ya ce shi ma bai ce haka ba.

Muka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. An yi gwajin fitsari, ba ƙwaya ko ɗaya. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya haɗa mu da wata masaniyar halayyar ɗan Adam. Ta gan shi shi kaɗai sau biyu, a zama na uku ta ce in shigo. Ta ce, "Alhaji, yaushe rabon ku zauna ku biyu ku yi hira wadda ba faɗa ba?" Na yi ta lalube ban samu ko rana ɗaya ba. Sai ta ce masa ya faɗa mini abin da ya faɗa mata, in yana so. Kansa a ƙasa ya ce, "Abba, na ɗauka ba ka so na ne. Su Ummi kana kiran sunansu, kana musu wasa." A nan na ji cewa fiye da shekara wasu yara suna cin zalinsa a makaranta, kuma ya taɓa tunanin gara ya mutu ya huta. A gidana, ƙarƙashin rufina, ban sani ba.

Ba na zagin al'adarmu. Da can ɗan fari yana da kaka a tsakar gida, ga baffa, ga goggo, su ke cike gurbin. Yanzu muna gidan haya mu kaɗai, kaka tana wata unguwa. Mun riƙe kunyar, amma waɗanda ke rungumar yaron a madadinmu ba sa nan. Addini kuma bai ce a yi haka ba. Mun san Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane, ya kuma gargaɗi mutumin da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Ku lissafa da ajin ɗanku. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Maiduguri da Kware ta Sakkwato, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Idan yaro ya wuce mako biyu ba ci, ba barci, ya janye daga abokai, ko ya fara maganar mutuwa, a kai shi a duba. Kada a jira.

Mun yi wata takwas muna zuwa. Ban ce ya warke sarai ba, akwai ranakun da yake komawa shiru. Amma duk Asabar bayan La'asar ni da shi muke fita a mota, waya a aljihu. Ranar da na fara kiran sunansa sai da bakina ya yi nauyi, shi kuma ya waiga yana neman wanda ya kira shi.

Makinsa na bana bai kai yadda muka so ba. Na ce masa Allah Ya kai mu baɗi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauraronsu.