Na Sauka Lafiya

Mutumin Zuru ba ya buƙatar a koya masa tsoron hanya. Tun da 'yan bindiga suka addabi Danko-Wasagu da Sakaba, suka kuma kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, da wuya wani ya hau motar Kontagora bai buga waya ya ji labarin gaba ba. Da wannan ɗabi'a na fita a 2022, na yi wata bakwai ni kaɗai tsakanin Nijar da Benin da Togo da Ghana, ina bin sawun fataken goro don wani aikin jarida.

Takardu ba su ba ni wahala ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu kwana 90 ba biza, katin rigakafin shawara yana aljihu, kuɗi na raba su gida uku, kuma ban yarda da motar dare ba. Duk wannan yana da amfani, amma takarda ba ta cigiyar mutum idan ya ɓace.

Fataken da suka riƙa ratsa Yauri da Nikki da Djougou zuwa Salaga sun san haka tun kafin a ƙirƙiro fasfo. Ayarinsu yana da madugu da jagaba, amma a kowane zango rayuwarsu tana hannun fatoma, mai masaukin da ke adana kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya wa baƙonsa gaban sarkin gari. Yana karɓar la'ada, gaskiya ne. Sai dai abin da ya riƙe tsarin ya wuce la'ada: baƙon da ya yaba, ya dawo baɗi da tsaraba, sunansa kan riga shi isa zango na gaba. Na butulu ma haka. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, amma al'adar ta bi mutanenta zuwa Kete-Krachi da Kumasi, kuma har yau Hausa tana buɗe ƙofa a zangunan Ghana.

Yanzu ayari ya zama tarihi, wayar hannu ta gaji wani ɓangare na aikinsa. Duk wanda ya sauke ni, in zan tashi sai ya ba ni lambar wani a gari na gaba, ya ce in na isa in kira shi. Mu 'yan boko muna ɗaukar wannan kira a matsayin ladabi kawai, abin da za a iya ɗagewa sai an huta. Ni dai ina ganinsa a matsayin tsaro mafi arha da matafiyi zai samu. In ka ce "na sauka lafiya, na gode, Allah ya saka da alheri", ka biya tukuici, ka kuma shaida wa wani inda kake da hannun da kake ciki. Sabon mai masaukin ma ya ji da kunnensa cewa kana da mai tambaya. Kuɗi kuwa akasarinsu ba sa karɓa, wani ma sai ya ji kamar ka zage shi. Goro ko turare ko takalmin yaro sun fi shiga.

A Sokode ta ƙasar Togo zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni daren da na iso, a wani ɗakin haya kusa da tasha, kafin in kai ga mutumin da aka haɗa ni da shi. Waya ta mutu, kwana biyu ba wanda ya ji ni. Dattijon da ya sauke ni a Djougou, mai sayar da fata, ya ga shirun bai yi kama da ni ba. Ya nemi direban da ya ɗauko ni, direban ya nuna ƙofar da na shiga. Da la'asar ta kwana na uku wani saurayi ya ƙwanƙwasa, da kunu a leda da babur a waje, ya ce Baba ya ce a kai ni asibiti.