Rufin da Ke Biyan Kuɗin Wuta: Daga Ahmadabad Zuwa Modhera

Duk wanda ya hau saman bene a Ahmadabad, birni mafi girma a jihar Gujarat ta ƙasar Indiya, abu biyu idonsa zai fara cin karo da su: tankokin ruwa da farantan sola. Ko'ina ka waiga ga su nan jere, sun fuskanci kudu. Ziyarar ɗan ƙanwata da ke karatu a can ce ta kai ni, cikin watan Maris, lokacin da zafi ya fara kankama. Na tambaye shi ko mutanen unguwar duk attajirai ne. Ya ce, "Kawu, ba arziki ba ne. Gwamnati ce ke ɗauke musu kusan rabin kuɗin. Bari mai gidanmu ya dawo, zai nuna maka."

Mai gidan tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Da la'asar ya hau da mu sama riƙe da bokiti da tsumma a bakin sanda. Farantansa na kilowat 3 ne, an ɗora su bisa ƙafafun ƙarfe da suka fi tsayin mutum. Wai uwargidansa ce ta kafe a kan ba za a cinye mata wurin shanya ba, ga shi kuma da bazara a nan suke kwana. Sai aka ɗaga su, ta samu inuwa a kan riba. Ya watsa ruwa yana gogewa, ruwan na gangarowa ja da ƙura da kashin tantabaru. Ya ce idan ya yi sakaci da wankin nan, a take yake gani a lambobin inbata.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana ƙasa, a jikin bango kusa da ƙofar shiga. Mita ce mai lissafi biyu, tana ƙirga wutar da ta shigo gidan daga layi, tana ƙirga wadda ta fita. Da rana, sa'ad da farantan ke ba da fiye da abin da fanka da firji ke ci, rarar sai ta bi waya ta tafi wa maƙwabta. Da dare gidan ya ɗebo daga layi. Lokacin bil sai kamfanin wuta ya cire wannan daga wancan. Na duba lungu da saƙo ban ga batir ko ɗaya ba. Layin kamfanin wuta shi ne rumbunsa, yana zubawa da rana yana ɗiba da dare.

Shirin da ya shiga sunansa PM Surya Ghar, wanda gwamnatin Narendra Modi ta ƙaddamar a watan Fabrairun 2024, ta ware masa rupi biliyan 750 da ɗoriya, da niyyar kaiwa ga gidaje miliyan 10. Lissafin a fili yake: rupi 30,000 kan kowane kilowat na biyun farko, 18,000 kan na uku, daga nan an rufe a kan 78,000 ko da mutum zai cika rufinsa da faranti. Wannan ƙayyadewa ta burge ni, domin tana hana mai katafaren gida wawashe rabon mai ɗaki uku. Ana yin rajista ta intanet da lambar mita, a zaɓi ɗan kwangila cikin waɗanda aka tantance, a kafa, kamfanin wuta ya zo ya duba ya sa sabuwar mita, sannan tallafin ya faɗo asusun banki kai tsaye. Akwai kuma sharaɗin dole farantan su zama ƙirar Indiya, wato kuɗin tallafin na komawa masana'antun ƙasar ne. Tallan da ake yi na "wuta kyauta yunit 300 a wata" kuwa, ba wanda ke ba ka ita; rufinka ne ke samar da ita.

Sai dai fa tallafin daga baya yake zuwa. Dole mutum ya fara fitar da kuɗinsa, ko ya ci bashin banki, wanda aka sauƙaƙa ba jingina, da ruwa wajen kashi 7 cikin 100 a lokacin da aka ƙaddamar da shirin. Malamin yana da fansho, yana da rufi da sunansa. Ɗan haya ba shi da rufi, mai tura baro ba shi da abin da zai fara ajiyewa. Wannan ya tsaya mini a rai, domin waɗanda bil ya fi gallaza wa su ne shirin ya fi wuyar kaiwa gare su.

Shi malamin ne ya ce kada in bar jihar ban ga Modhera ba. Tafiya ce ta kimanin kilomita 100 arewa, ta hanyar Mehsana. Mun fita da sassafe. Bayan an wuce masana'antu sai gonakin zurma da alkama, ɓaunaye na kwance cikin taɓo, raƙuma na jan amalanke a gefen titi, mata ɗauke da garewanin madara. Yankin nono ne sosai.

Modhera ƙauye ne da ya yi suna saboda wani tsohon haikalin rana da aka gina wajen shekarar 1026, zamanin sarki Bhima na ɗaya. Ba a ibada a cikinsa yanzu, wurin tarihi ne. A gabansa akwai wani tafki na dutse mai matakala ta kowace kusurwa, sassaƙar da sai ka tsaya kana mamakin hannun da ya yi ta. A wurin ajiye motoci ma rumfar da muka fake farantan sola ce. A watan Oktoban 2022 aka ayyana garin a matsayin ƙauye na farko a Indiya da ke samun wutar rana dare da rana, kuma a watan ne Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres ya kai ziyara. Nan ba rangwame aka yi ba: gwamnatin tarayya da ta jiha suka raba kuɗin, aka ɗora faranti mai kilowat 1 a kan rufi fiye da 1,300 ba tare da mai gida ya biya ba. Mun zaga lunguna, ga su a kan ƙananan gidaje, saniya ɗaure a ƙofa. Wani tela da muka sha shayi a gefen shagonsa ya nuna mana keken ɗinkinsa mai lantarki, ya ce da can yana lissafi kafin ya kunna fanka.

Wutar dare kuwa daga Sujjanpura take zuwa, ƙauye na kusa, inda aka shimfiɗa tashar megawat 6 da manyan batura masu ajiye megawat 15 na awa. Batir ɗaya na gari duka, a aljihun gwamnati.

A hanyar dawowa ɗan ƙanwata ya ambaci abin da malamin bai faɗa ba: irin inbatan gidansu, da an ɗauke wuta take kashe kanta ko da rana na tsaka, don kada wutar ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan falwaya. Can abin bai dame su ba, tunda ɗaukewar ba ta daɗewa. Na tuna Kano, inda tun bayan janye tallafin fetur a 2023 mutane suka koma sola don gudun janareto. Mu batir ne ke karya mana ƙugu, shi ne kuma ke fara mutuwa. Da za a kwaso tsarin Gujarat yadda yake a kawo mana, a biya rabin kuɗin faranti, to da yawa za su zauna a duhu da farantai a kansu, saboda layin da za su zuba wa rarar babu wuta a cikinsa. Tallafin da zai amfane mu sai ya taɓa batir, ko kuwa a yi wa unguwa batir guda ɗaya babba irin na Sujjanpura, 'yan haya ma su ja daga ciki.