Zazzaɓin Ƙarya

'Yan uwa marubuta, a unguwarmu mun taɓa kai wata yarinya mai tallar gyaɗa makwancinta, shekarunta 16. Aka ce zazzaɓi ne, alhali duk mun san a ɗakin bayan wani kemis jini ya ɓalle mata. Muka yi gum, muka ci gumbar sadakar uku. Wanda ya yi mata cikin kuwa har da shi a sahun jana'iza.

Ba ita kaɗai ba ce. Masu bincike sun ƙiyasta an zubar da ciki 610,000 a Nijeriya a 1996, na 'yan mata da na matan aure. A 2012 adadin ya kai miliyan 1.25. Ga gorin duniya, ga dokar ɗauri har shekara 14, sai ake yi a ɓoye, ake mutuwa a ɓoye.

To, mu masu alƙalami fa? A littattafanmu mukan kashe yarinyar a babin ƙarshe mu ce wa'azi ne, namijin kuma mu aura masa wata. Ashe da hannunmu a ƙaryar zazzaɓin nan. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.