Abin da golmo ya koya min game da CV

Yau labarin kaina zan ba ku, ko da akwai wanda ke cikin halin da na taɓa shiga.

Na karanta aikin gona a Kwalejin Noma ta Zuru, wadda ta koma jami'ar tarayya a 2020. Sai da Baba ya sayar da bijimi ɗaya cikin biyun da yake huɗa da su kafin na kammala. Bayan bautar ƙasa na dawo gida, na yi shekara uku ina tura CV babu wanda ya taɓa kirana. Duk wanda ya tambaye ni, amsata ɗaya ce: ƙasar nan sai kana da hanya.

CV ɗin kuwa a wani shagon buga takardu aka yi min shi, shafi huɗu. Akwai ranar haihuwa, addini, firamaren da na yi, har da cewa ina son karatu da tafiye-tafiye, ni da ban taɓa wuce Kontagora don yawon buɗe ido ba. Ashe mai shagon CV guda ne a kwamfutarsa, suna kawai yake canzawa.

Wadda ta tona asirin yayata ce, 'yar wan Baba, da ke aiki a Birnin Kebbi kuma takan zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata. Ta zo bikin Uhola, na miƙa mata takardar da nufin ta kai ni wani wuri. Ta duba shafi na biyu ta ce, "Ƙanena, yaushe ka koma ɗan Sakaba?" Ƙaramar hukumar wanda aka buga wa kafin ni ce, shekara uku ina yawo da ita ban lura ba.

Sai ta tambaye ni me nake yi tun da na dawo. Na ce, "Ba komai, Yaya, zaman shagon Kawu kawai." Ta ce in faɗa mata abin da nake yi a shagon tun daga safe. Na fara lissafi: ina sayar da taki da maganin feshi, ni ke riƙe littafin bashin manoma sama da 60, ina nuna musu yadda ake haɗa magani da ruwa, ina yi wa kajin unguwa rigakafi, ranar kasuwa kuma ni ke lissafin buhunan dawa da masara. Ta ce, "To duk wannan ina yake a takardar?"

Gaskiya kunya nake ji. A ganina wannan ba aiki ba ne tunda babu ofis, babu albashi.

Kakanmu yana gefe yana jin mu. Shi ya yi golmo, wato noman da saurayin Dakarkari ke yi wa surukai, shekara bakwai kafin a ba shi mata. Ya ce a zamaninsu babu saurayin da ke zuwa ya ce shi jarumi ne, uban yarinya gona yake zuwa ya ƙirga kuyya. Yaya ta yi dariya ta ce ai shi ke nan an gama darasin: ni na cika shafi huɗu da cewa ni mai ƙwazo ne, amma ban nuna kuyya ko ɗaya ba.

A daren muka sake rubutawa a wayata, ya dawo shafi ɗaya da rabi. Ga abin da ta sa na yi, ku ma ku gwada. Suna, lambar wayar da ke shiga da imel mai ɗauke da sunana na gaskiya a sama. Aikin shagon ya zo kafin makaranta, kowane layi da adadi: manoma nawa, buhu nawa, shekara nawa. Na cire addini da firamare. Na kira mutum biyun da na sa a matsayin masu shaida na nemi izininsu, don da can ba su ma san da zancen ba. Ta ce in riƙa karanta tallar aikin sau biyu, in ɗago abin da suke nema zuwa sama, in tura a PDF, kuma kada in rubuta abin da ba zan iya karewa a gaban kwamiti ba.

Ba zan ce muku abin ya zo nan take ba. Wurare tara na tura, biyu suka kira ni. A intabiyu ta biyu, kusan duk tambayoyin a kan littafin bashin nan aka yi su: yaya nake bi manomi ya biya bayan girbi ba tare da an ɓata ba? Yanzu ina aikin malamin gona da wani kamfanin kayan noma. Ban kai ga mayar wa Baba bijiminsa ba, amma na fara adashi.

Hanya tana aiki a ƙasar nan, ban musa ba. Sai dai ko mai hanyar yana buƙatar takardar da ba zai ji kunyar miƙawa ba. Wanda ke koyarwa a Islamiyya ko makarantar Lahadi, ko mai riƙe POS, ko mai gyaran sola, ya zauna yau ya ƙirga kuyyarsa, sannan ya ba wani ya karanta masa kafin ya tura. Allah Ya buɗa mana baki ɗaya.